Idan Aka Rufe Mahaƙar Kwal, Ina Mutanen Garin Za Su Nufa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makarantar sakandare ne a nan cikin garin Sakkwato. Yayana direban tirela ne da ke dakon kwal zuwa masana'antar siminti, kuma da wannan aikin yake riƙe da iyalinsa da mahaifiyarmu. Kullum muna ji a rediyo cewa duniya za ta daina amfani da kwal saboda ɗumamar yanayi. Me wannan zai jawo wa ma'aikata da garuruwan da suka dogara da kwal a ƙasashe masu tasowa, kuma mu nan ya kamata hankalinmu ya tashi?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah, Malam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana, ya kuma tsare yayanka a kan hanya. A taƙaice, aikin yayanka ba ya cikin haɗarin gushewa a bana ko baɗi. Amma tambayarka ta wuce aikin mutum ɗaya, kuma tun da na daɗe ina bibiyar yadda garuruwan ma'adinai ke tashi da yadda suke durƙushewa, zan ɗan tsawaita, domin abin da ya shafe mu a cikin zancen nan ya fi yadda ake zato.

Da farko sai a raba abu biyu da mutanenmu kan haɗa. Gawayin da ake sayarwa a buhu a kasuwanninmu itace ne aka ƙona. Shi kuwa kwal baƙin dutse ne da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, ana ƙona shi a tashoshin wutar lantarki da masana'antun ƙarfe da na siminti, kuma a cikin manyan makamashi babu wanda ya kai shi fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya. Har yanzu duniya tana ƙona fiye da tan biliyan 8 na kwal a kowace shekara, ƙasar Sin ita kaɗai tana cinye fiye da rabi, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na wutar lantarkin duniya daga gare shi take fitowa. A taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021 an so a rubuta cewa za a daina amfani da kwal, sai Indiya da Sin suka tsaya kai da fata a sa'o'in ƙarshe har aka mayar da kalmar ta koma a rage. Saboda haka tafiya ce ta shekaru da dama, kuma wannan jinkirin shi ne damar da talakan ƙasa mai tasowa yake da ita, in har masu mulki sun yi amfani da ita.

Kuskuren da na fi gani a wannan muhawara shi ne yin lissafi da ƙasa baki ɗaya. Za ka ji an ce ayyukan da hasken rana da iska za su samar sun fi waɗanda kwal zai tafi da su yawa, kuma sau da yawa lissafin daidai yake a kan takarda. Matsalar ita ce aikin da ya ɓace da wanda ya samu ba a gari ɗaya suke ba, ba a shekara ɗaya suke zuwa ba, kuma ba mutum ɗaya ke yin su ba. A Indiya, kwal yana jihohin gabas irin su Jharkhand da Odisha da Chhattisgarh, manyan filayen sola kuwa suna can yamma a Rajasthan da Gujarat. A Afirka ta Kudu, mahaƙu da tashoshin kwal sun taru a lardin Mpumalanga, alhali rana ta fi ƙarfi a lardin Arewacin Kep, tafiyar ɗaruruwan kilomita. Ƙari a kan haka, filin sola yana ɗaukar hannu da yawa a watannin da ake kafa shi, amma da an gama sai ya koma hannun masu gadi da masu wanke faifan sola da 'yan ƙwararru kaɗan, ita kuwa mahaƙa takan ciyar da gida ɗaya tun daga kaka har jika. Magidanci mai shekara 50, wanda gidansa da kabarin iyayensa da makarantar 'ya'yansa duk suna garin mahaƙa, idan aka ce masa an buɗe aiki a wani lardi ga wanda ya iya haɗa wayoyin lantarki, an dai faɗa masa labari ne kawai.

Mu a Najeriya ba mu bukatar zuwa nesa kafin mu ga misali, domin mun riga mun bar kwal sau ɗaya, kuma mun bar shi ba tare da wani shiri ba. An gano kwal a tudun Udi kusa da Inugu a 1909, kuma zuwa 1916 an riga an shimfiɗa layin dogo daga can zuwa Fatakwal, garin da Turawan mulkin mallaka suka kafa domin fitar da shi ta teku. Inugu kanta a kan kwal ta ginu. Jiragen ƙasan da suka riƙa kwasar gyaɗa da auduga daga Gusau da Ƙaura Namoda, inda layin dogon ya tsaya tun 1929 bai ƙaraso mana Sakkwato ba, da kwal suke tafiya, don haka ko manomin ƙasar Sakkwato na wancan zamani yana da alaƙa da gumin leburan Inugu ko da bai taɓa ganinsa ba. Ma'aikatan nan sun biya da jininsu: ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta a mahaƙar Iva a kan rikicin albashi, suka kashe mutum 21, abin da ya ƙara rura wutar neman 'yancin kai. A ƙarshen shekarun 1950 abin da ake haƙowa ya kai kimanin tan 900,000 a shekara, daga nan kuma sai gangara. An samu man fetur a Oloibiri a 1956, hukumar jiragen ƙasa ta koma injinan dizal, madatsar Kainji ta fara ba da wuta a ƙarshen shekarun 1960, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da aiki har ruwa ya cika ramuka. Hukumar Kwal ta Najeriya, wadda aka kafa a 1950, ta ci gaba da jan ƙafa har farkon shekarun 2000 kafin ta kwanta gaba ɗaya, tsofaffin ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙoƙinsu.

Abu biyu nake son ka lura da su a tarihin nan. Na farko, babu wanda ya ambaci sauyin yanayi a lokacin. Manyan masu saye ne suka samu abin da ya fi musu sauƙi suka juya baya, kuma haka abin yake faruwa a yau a duk inda sola da iskar gas suka fi kwal araha, ko an yi taron duniya ko ba a yi ba. Na biyu, abin da ya ceci Inugu shi ne tana da wata ƙafar da za ta tsaya a kai, domin a lokacin ita ce hedkwatar Jihar Gabas, da ofisoshin gwamnati da makarantu da kasuwa. Garin da ƙafarsa ɗaya ce shi ke faɗuwa. Duk wanda ya san unguwar Kakuri a Kaduna kafin masaƙu su rufe a shekarun 2000, ya kuma sake ganinta bayan sun rufe, ya san abin da nake nufi, domin ciwon iri ɗaya ne ko da kayan da ake sarrafawa sun bambanta.

Dalilin da ya sa ciwon yake yaɗuwa shi ne mutanen da ke ci daga mahaƙa hawa uku ne. Akwai ma'aikacin dindindin mai takardar ɗaukar aiki da ƙungiyar ƙwadago da fansho. Akwai ɗan kwangila, wanda yake aiki iri ɗaya da na farko amma sunansa yana littafin wani ƙaramin kamfani, kuma ana iya sallamarsa da saƙon waya. Sannan akwai hawa na uku da ya fi kowanne yawa: direba irin yayanka, da makanike, da mai walda, da mai faci, da mai tuwo da mai shayi a bakin ƙofa, da mai gidan haya, da ɗan kabu-kabu, da tela. Idan aka zauna teburin sulhu ranar rufewa, hawa na farko ne kaɗai ke da kujera. Mata kuwa galibinsu a hawa na uku suke, don haka ba su shiga kowane lissafin diyya, alhali su ne ke fara jin raɗaɗin a tukunya. Wannan shi ne babban bambancin ƙasa mai tasowa da ƙasa mai arziki, inda kusan kowane ma'aikaci yake cikin rajista, kuma gwamnati tana biyan wanda ya rasa aiki wani abu kafin ya samu wani. A Jharkhand akwai dubban mutane da sana'arsu ita ce tsintar kwal a gefen mahaƙu su loda a kan keke su tura shi tafiya mai nisa zuwa kasuwa, babu sunansu a kowane ofis. A can ma abin ya kai har ga wanda bai taɓa ganin mahaƙa ba, domin dakon kwal shi ne babbar hanyar kuɗin shigar hukumar jiragen ƙasan Indiya a ɓangaren kaya, kuma da ribarsa ake sassauta wa fasinja kuɗin tikiti.

Akwai kuma abin da ba albashi ba. A garuruwa da yawa kamfanin haƙar ne ke ba da ruwan famfo da wuta da asibiti da gidaje, kamar yadda garin Hwange na Zimbabuwe ya daɗe a hannun kamfanin kwal ɗinsa, ita kuma ƙaramar hukuma daga kason ma'adinai take gyara makaranta. Lokacin da kamfanin Prodeco ya mayar wa gwamnatin Kolombiya lasisin mahaƙunsa na lardin Cesar a 2021, dubban ma'aikata sun rasa aiki kusan lokaci guda, ƙananan hukumomin yankin kuma kuɗin shigarsu ya zube a daidai lokacin da mutanensu suka fi bukatar taimako.

Misalin da na fi son ɗalibai su nazarta shi ne tashar wutar kwal ta Komati a Afirka ta Kudu, ƙasar da kusan kashi 80 cikin 100 na wutarta daga kwal take, mutum kimanin 90,000 ke aiki a mahaƙun kwal ɗinta, kuma rashin aikin yi ya haura kashi 30 cikin 100. Kamfanin wutar ƙasar, Eskom, ya kashe tashar a ƙarshen Oktoban 2022, da alkawarin za a mayar da wurin filin sola da injinan iska da manyan batura da cibiyar koyar da sana'a. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 497 domin aikin, amma amincewar ta zo ne bayan an riga an kashe injin. Ma'aikatan dindindin an riƙe su ko an mayar da su wasu tashoshin, 'yan kwangila da masu ƙananan sana'o'i kuwa suka wayi gari babu ciniki, sababbin ayyukan da aka yi alkawari kuma suna kan takarda. Hukumar da shugaban ƙasar ya kafa kan sauyin yanayi ta bincika, ta kuma nuna cewa an makara wajen shiri da wajen tuntuɓar mutanen garin. Wannan shi ne sakin reshe kama ganye. Bayan haka, ga kuma matsanancin ƙarancin wutar da ƙasar ta sha a 2022 da 2023, sai aka ɗage rufe tashoshin Camden da Grootvlei da Hendrina zuwa 2030. Abin da ya fi damuna a labarin Komati shi ne ya sa ma'aikatan sauran tashoshin sun daina yarda da alkawari, kuma yardar da ta zube a irin wannan wuri tana da wuyar kwasuwa.

A gwada wannan da Jamus. A ƙarshen shekarun 1950 mutum kusan 600,000 ne ke aikin haƙar baƙin kwal a yammacin ƙasar, kuma ba a rufe mahaƙa ta ƙarshe ba sai a Disambar 2018, wato an ɗauki shekara 60 ana janyewa sannu a hankali. A tsawon wannan lokaci an riƙa sallamar manya da fanshon wuri, ana koya wa matasa wata sana'a tun suna kan albashi, aka kuma kafa jami'o'i a yankin Ruhr, irin ta Bochum a shekarun 1960, domin ɗan mahaƙi ya samu wata hanyar. Da suka zo barin ragowar kwal ɗin da suke ƙonawa, dokar 2020 ta sa wa'adin 2038, ta kuma ware yuro biliyan 40 ga yankunan da abin zai shafa. Birtaniya ta bi ta ɗaya hanyar, ta rufe mahaƙu da gaggawa bayan yajin aikin 1984 zuwa 1985, kuma har yau tsofaffin garuruwan kwal suna cikin yankunan da talauci da rashin lafiya suka fi yi wa katutu a ƙasar. Jamus lokaci da kuɗi ta zuba. Ƙasa mai tasowa ana neman ta yi tafiyar a cikin shekara 20 ko 25, da baitulmalin da bashi ya riga ya cinye.

Wannan ya kawo mu ga batun wanda zai biya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin abin da ake kira sauyi cikin adalci a 2015, yarjejeniyar sauyin yanayi ta Faris ta wannan shekarar ma ta ambace shi a gabatarwarta. A Gilasgo ƙasashe masu arziki suka yi wa Afirka ta Kudu alkawarin dala biliyan 8.5, a 2022 aka yi wa Indonesiya na biliyan 20, Biyetnam kuma biliyan 15.5. Adadin yana da daɗin ji, amma mafi yawansa bashi ne, kyautar da ke ciki kaɗan ce. Bashi yana iya gina filin sola domin filin zai sayar da wuta ya biya, amma fanshon tsohon mahaƙi da koyar da matarsa sana'a da riƙe asibitin garinsu ba su kawo ribar da banki zai karɓa, don haka su ne kullum ke rasa mai ɗaukar nauyi. A Maris 2025 kuma Amurka ta janye daga waɗannan shirye-shiryen. Ra'ayina a nan a fili yake: nahiyar Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya, mutum kusan miliyan 600 a cikinta ba su da wutar lantarki, kuma waɗanda suka gina arzikinsu da kwal tsawon ƙarni biyu su ne ya wajaba su ɗauki kaso mafi tsoka na kuɗin sauyin, a matsayin kyauta. Sai dai wannan hujja ba ta wanke gwamnatocinmu ba, domin rajistar ma'aikata da tilasta wa kamfani ajiye kuɗin sallama ba su jiran taron ƙasa da ƙasa.

Kada kuma tausayin ma'aikaci ya sa mu ɗauki kwal a matsayin aboki. Tun kafin a fara zancen yanayi, inji ya riga ya fara korar mutane daga mahaƙu. Babban kamfanin kwal na gwamnatin Indiya yana da ma'aikata fiye da rabin miliyan a shekarun 1990, yau ba su kai 250,000 ba, alhali abin da yake haƙowa ya ninka fiye da sau biyu. Sin ta sanar a 2016 cewa za ta rage ma'aikata miliyan 1.3 a kwal da 500,000 a ƙarfe, ta ware yuwan biliyan 100 domin sake musu matsuguni. Mutanen garin mahaƙa kuma su ne ke shaƙar ƙurar da ke toshe huhu, su ne rijiyoyinsu ke gurɓacewa. A Jharia ta Indiya wuta tana ci a ƙarƙashin ƙasa tun 1916, gidaje suna ruftawa. A 2022 wata babbar kotu a Firetoriya ta yanke hukuncin cewa gurɓatar iskar yankin kwal na Afirka ta Kudu ta keta haƙƙin da tsarin mulki ya ba mazauna wurin. Ko a nan gida, mutanen Maiganga a Jihar Gombe sun sha kokawa kan ruwan sha da ƙura da gonaki tun da aka fara haƙar kwal a yankinsu. Akwai ma wata fita da ba ta amfanar kowa: kamfanin Vale na Barazil ya sanar a ƙarshen 2021 cewa ya sayar da mahaƙar Moatize ta Mozambik haɗe da layin dogon da ke kwasar kwal ɗinta a kan dala miliyan 270, ya fita daga harkar kwal, amma haƙa ta ci gaba a hannun sabon mai shi, hayaƙin bai ragu ba.

To, mu a Sakkwato fa? Wutar da ke zuwa mana ta layin Birnin Kebbi ba ta kwal ba ce, domin babban layin wutar Najeriya da iskar gas da madatsun ruwa yake aiki. Inda kwal ya taɓa mu kai tsaye shi ne siminti. Sai an gasa dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai kusan digiri 1,450 kafin ya zama siminti, kuma faifan sola ba ya ba da irin wannan zafin a tanderu, shi ya sa sabon sashen masana'antar siminti ta Kalambaina da aka buɗe a 2018 ya zo da injin niƙa kwal. Masana'antun siminti a ko'ina suna cikin waɗanda za su fi jinkirin rabuwa da kwal, kuma idan sun tashi rabuwa, abin da ke maye gurbinsa shi ne iskar gas da tarkacen amfanin gona irin buntun shinkafa, wanda fadamun Wurno da Goronyo da maƙwabtanmu na Kebbi ke samarwa da yawa. Bututun gas da ake shimfiɗawa daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano bai biyo ta Sakkwato ba, don haka ko wane makamashi aka koma, a kan tayar mota zai iso nan.

Maƙwabtanmu na Nijar sun fi mu shiga tsaka mai wuya. Tun farkon shekarun 1980 kamfanin Sonichar yake haƙar kwal a Anu Araren cikin jihar Agadas yana ba mahaƙun yuraniyom na Arlit wuta, kuma an daɗe ana maganar kafa babbar tashar kwal a Salkadamna cikin jihar Tawa, wadda ke iyaka da mu ta Birnin Ƙonni. Da Najeriya ta yanke musu wuta a Agustan 2023 bayan juyin mulki, alhali a lokacin mafi yawan wutarsu daga nan take zuwa, kowa ya ga dalilin da zai sa su so dogaro da abin da ke ƙarƙashin ƙasarsu, kuma ban ga laifinsu a wannan buri ba. Abin da nake ja musu kunne a kai, mu ma da mu duk lokacin da aka taso da zancen tashar kwal a Kogi ko Binuwai, shi ne tashar da aka gina yau aure ne na shekara 40. Sin ta sanar a Satumbar 2021 cewa ta daina gina sababbin tashoshin kwal a ƙasashen waje, manyan bankuna da yawa sun janye, don haka bashin zai yi tsada, kuma ana iya tara dubban iyalai a sabon gari a kan sana'ar da masu sayenta ke raguwa. Ƙasar da ba ta riga ta shiga ba tana da zaɓin da Afirka ta Kudu da Indiya ba su da shi, ga kuma rana da Allah ya hore mana fiye da kusan kowa.

Amma in gaya maka gaskiya, Malam, kwal ɗin Najeriya shi ne man fetur. Albashinka na koyarwa, da na ma'aikacin asibiti, da kuɗin da ke zagayawa a babbar kasuwar Sakkwato a ƙarshen wata, mafi yawansu daga kason da jiha da ƙananan hukumomi ke karɓa daga asusun tarayya suke fitowa, kuma mai yana da babban kaso a wannan asusu. Najeriya ta yi alkawari a Gilasgo cewa zuwa 2060 za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shafewa, masu sayen manmu ma suna da nasu wa'adin. Mun ɗanɗani yadda sauyi ba shiri yake a ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, matakan rage raɗaɗi kuma suka biyo baya a makare. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa, kuma ruwan a nan shi ne noman rani da kiwo da sarrafa fata da albasa, abubuwan da za su riƙe jihar ko da kason Abuja ya ragu.

Haka nan sauyin makamashin da zai fi taɓa talakan Sakkwato a kusa shi ne na itace da gawayi. Hamada tana matso mu ta Gudu da Tangaza da Illela da Gada, dole ne a rage saran itatuwa, amma mai saran itacen da mai jakin da ke kawo shi da matar da ke kasa gawayi a ƙofar gida duk mutanen hawa na uku ne. Idan aka hana sana'arsu da doka kafin gas da murhu mai tsimin itace su kai farashin da talaka zai iya, an maimaita Komati a ƙauyukanmu. Idan kuma aka zo karɓar filaye domin manyan ayyukan sola, dattawanmu ba su manta da abin da ya faru a madatsar ruwa ta Bakolori a Afrilun 1980 ba, lokacin da rikicin diyyar gonaki ya ƙare da asarar rayukan manoma. A biya diyya kafin a kafa turke, a kuma bar wa makiyayi burtalinsa. Dokar ma'adinai ta Najeriya ta 2007 ta riga ta wajabta wa kamfani ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin da tanadin gyara ƙasa bayan haƙa, kuma kududdufan da haƙar kuza ta bari a Filato sun isa su nuna abin da ke biyo baya idan ba a tilasta irin wannan ba. Cike ramuka da tsabtace ruwa da dasa itatuwa aiki ne na shekaru, kuma tsohon mahaƙi da direban tifa su ne suka fi kowa iya shi.

Game da yayanka, yana cikin waɗanda suka fi sa'a a hawa na uku, domin sana'arsa tuƙi ce, kuma tirelar da ta ɗauki kwal za ta ɗauki siminti ko taki ko shinkafa. Ka ba shi shawara ya tabbata lasisinsa na manyan motoci yana kan ƙa'ida, ya nemi horon dakon gas da sauran kaya masu haɗari tun yanzu da yake da albashin biyan kuɗin horon, ya kuma riƙe rajistarsa a ƙungiyar direbobi domin sunansa ya kasance a rubuce a wani wuri ranar da za a yi lissafin waɗanda abin ya shafa. Idan kuma yana tunanin cin bashi ya sayi motar kansa, kada ya dogara da kwangilar kwal ita kaɗai, ya fara tambayar shekara nawa kwangilar za ta yi, ya gwada da shekarun da zai ɗauka yana biyan bashin, sannan ya zaɓi irin bodin da zai iya ɗaukar wasu kayan idan dakon kwal ya ja baya.